Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fili da Bakin Teku a Legas da Lens Mai Saitin Hannu

Tsohon lens da aka ƙera tun shekarun 1970, wanda babu lantarki ko ɗigo a cikinsa, zai iya fitar maka da hoton bakin teku tas, tun daga yashin da ke gaban ƙafarka har jiragen da ke jere can nesa suna jiran shiga tashar Apapa. Hoton fili ba ya buƙatar kyamara mai saurin kama abu, domin dutse da bishiya da gaɓar ruwa suna nan inda ka same su. Abin da ke gudu a Legas haske ne, kuma abin da ke cin kaya danshi ne. Idan ka iya saita lens da hannunka, wato ka juya zobensa har hoto ya fito ras, sau ɗaya, saiti na gaskiya, sauran lokacin duk naka ne ka duba abin da za ka ɗauka.

Fara da lens da adafta

Kyamara marar madubi, irin Sony mai bakin E, Fujifilm X, Canon R ko Nikon Z, ita ta fi sauƙin karɓar tsofaffin lens. Dalilin yana cikin tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. A Sony E milimita 18 ce kawai, alhali tsohon lens na Nikon an yi shi ne ya zauna a milimita 46.5, na Canon FD a 42, mai zare na M42 kuma kusan 45.5. Adafta zoben ƙarfe ne da ke cike wannan giɓin, babu gilashi a cikinsa, don haka ba ya rage kyan hoto. Idan kyamararka mai madubi ce, sai ka lura sosai kafin ka biya kuɗi. Canon mai bakin EF tana karɓar M42 da Nikon da Olympus OM da adafta zalla, amma ba ta karɓar FD na gidansu sai da adafta mai gilashi, wanda yakan dusashe hoto. Nikon mai madubi kuwa, ka tsaya a kan tsofaffin Nikkor samfurin AI da AI-S, domin M42 ba ya kaiwa nesa a kanta.

Shawarata ita ce ka fara da 28mm. Nikkor 28mm f/2.8, Olympus Zuiko 28mm f/3.5, Pentax Takumar 28mm f/3.5, Canon FD ko Minolta MD masu wannan tsawon, duk za su yi maka aiki. Kada mai shago ya ja ra'ayinka da f/1.4 mai tsada (lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga lens, ƙaramar lamba babbar ƙofa). A hoton fili yawancin aikinka a f/8 zai kasance, kuma a nan lens mai araha da mai tsada sukan zo kusa da juna. Sai dai ka sani, idan sensarka ƙarama ce, wato APS-C, 28mm zai nuna maka kamar 42mm, ba zai ɗebo faɗin da kake so ba. A nan sabon lens na hannu irin Samyang 12mm f/2 ya fi dacewa, domin yana bayar da faɗin kusan 18mm. Na biyu, idan aljihu ya yarda, ka nemi 135mm don jawo abin da ke nesa, kamar masunci a kwale-kwale a tsakiyar lagun.

Ko a shagunan kayan hoto na cikin Ikko ka samu, ko a Computer Village, ko wajen masu tallar tokumbo a intanet, kada ka karɓa sai ka gwada. Buɗe murfin gaba da na baya, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka haska tocilan waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma idan ka ga farin zare-zare kamar saƙa yana yaɗuwa daga gefe, fumfuna ce, ka ajiye masa kayansa. Sannan ka juya zoben ƙofar haske daga farko zuwa ƙarshe ka ga ko fuka-fukan suna rufewa da sauri, babu maiƙo a jikinsu. Zoben saiti ya riƙa juyawa sumul, ba ya cijewa, ba ya kuma sakwarkwacewa.

Shirya kyamara tun a gida

Kyamara ba ta san ka ɗaura lens ba, tunda babu waya tsakaninsu, don haka wasu sukan ƙi ɗauka. Shiga menu ka kunna izinin ɗauka ba tare da lens ba. A Sony an rubuta Release w/o Lens, a Fujifilm kuma Shoot Without Lens. Ka sa ta a A ko M. A kan A kai ne mai juya zoben ƙofar haske, ita kuma ta zaɓi saurin shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga. A kan M kai ne mai zaɓar duka biyun. Ka zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kafa ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, a mafi ƙanƙantarsa, 100 ko abin da kyamararka ta fara da shi. Idan tana da na'urar hana girgiza a jikinta, sai ka rubuta mata tsawon lens ɗin da hannu, kuma duk sanda ka canza lens ka canza lambar, in ba haka ba ita da kanta za ta girgiza maka hoton.

Abu biyu za su zame maka ido. Na farko shi ne launin da kyamara ke shafawa a gefen abin da ya yi ras, ja ko rawaya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ne maɓallin zuƙo hoto a kan allo kafin ɗauka. Ka ɗora shi a maɓallin da babban yatsanka ke kaiwa ba sai ka duba ba. Launin nan yakan ruɗi mutum, musamman da lens mai faɗi, ya shafa ja a ko'ina alhali abin bai gama zama ba. Zuƙowa ba ta ƙarya.

Kafin ka fita, ka yi wani gwaji na minti biyar. Hau bene ko ka tsaya inda kake hango wani abu mai nisa sosai, hasumiyar masallaci ko turken sadarwa. Buɗe ƙofar haske duka, zuƙo, ka juya zobe har abin ya fito ras, sannan ka dubi jikin lens ɗin. Sau da yawa za ka ga bai kai alamar nesa (∞) ba, ya tsaya kafin ta da ɗan kaɗan. Adafta masu araha akan yi su da ɗan gajarta da gangan, saboda haka idan ka murɗa zobe har ƙarshe, ka wuce nesa, komai zai ɗan dusashe. Liƙa ɗan guntun salatif ka ja layi daidai inda nesa ta gaskiya take. Wannan layin zai cece ka da asuba, lokacin da duhu bai bari ka ga allo da kyau ba.

Ina za ka je, kuma yaushe

Legas ba garin tsaunuka ba ne, tafiyar ƙafarmu a nan ta yashi ce da gefen ruwa da katakon cikin fadama. Amma wuraren suna da yawa. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma daga can kana iya takawa yamma ta bakin teku wajen tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Bakin lagun na Jami'ar Legas a Akoka yana kallon gabas, rana tana fitowa ta bayan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8. Gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, masu motsa jiki suna cika ta da sassafe. A Badagry ana haye ruwa zuwa Gberefu, a bi hanyar yashi tsakanin bishiyoyin kwakwa har bakin tekun da aka riƙa loda bayi. Wuri ne da ya kamata mutum ya shiga da nutsuwa. Akwai kuma gandun Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990, mai hekta 78. Idan dutse kake so ka hau, jirgin ƙasa daga Ebute Metta zai sauke ka a Abeokuta, ka je dutsen Olumo ka hango jajayen rufin kwano na tsohon gari da kogin Ogun.

Ka riƙe wannan a ka: gaɓar tekun Legas kudu take kallo. Idan ka fuskanci ruwa, rana za ta fito ta hagunka, ta faɗi ta damanka. Don haka hoton da ya fi daɗi a bakin teku shi ne wanda ka juya kana kallon tsawon gaɓar, haske yana shafar yashi daga gefe, kowane tudu da kowane sawu ya fito. Duk shekara rana tana fitowa tsakanin wajen 6:30 da 7:00, ta faɗi wajen wannan lokacin da yamma, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, sama take miƙewa kai tsaye. Jan hasken nan mai laushi bai cika wuce rabin awa zuwa minti 40 ba. Wanda ke zaune Agege ko Mile 12 ya san abin da hanya ke ci, saboda haka ko dai ya yi asuba a kusa da wurin, ko ya zaɓi yamma ya isa tun bayan la'asar, ya zaga, ya zaɓi inda zai tsaya tun rana ba ta sauko ba.

Sama ta fi kyau bayan an ɗauke ruwa, lokacin damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba: iska ta wanke, gajimare ya yi tudu-tudu. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana kawo hazo da ke cinye nesa, amma shi ma yana da nasa amfanin, zan zo kansa.

Saitin kansa

Ka isa, ka zaɓi abin da za ka ɗauka. Nemi wani abu a kusa da zai riƙe gaban hoton: kwale-kwalen da aka jawo kan yashi, igiyar taru, gindin kwakwa, duwatsun da aka jibge don tare igiyar ruwa. Hoton da babu komai a gabansa sai ruwa da sama yakan fito fayau. Daidaita layin da sama ta haɗu da ruwa ya kwanta sosai, domin ko ɗan karkata ya yi, ido zai gani.

Yanzu bi wannan jerin a hankali. Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, f/2.8 ko abin da lens ɗinka ya kai, domin a buɗe ne kuskuren saiti ya fi bayyana. Kai akwatin zuƙowa kan abin da kake so ya fi komai fitowa, ka zuƙo har ƙarshe. Juya zobe kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo: ka wuce wurin kaɗan, ka dawo, ka sake wucewa ta ɗaya gefen, kana rage juyin har ka tsaya a tsakiya. Daga nan ka ɗauke yatsa daga zoben saiti, ka mayar da ƙofar haske f/8. Wannan matakin na ƙarshe shi ake yawan mantawa, musamman da lens irin Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai zobe biyu, ɗaya na zaɓar lamba ɗaya na rufewa. A wasu lens na M42 kuma akwai ɗan makunni mai A da M, sai yana kan M ƙofar ke rufewa.

To a ina za ka saita idan kana son kusa da nesa su fito tare? Kowane lens yana da wata tazara wadda idan ka saita a kanta, komai daga rabin tazarar har ƙarshen gani zai fito da kyau. Da 28mm a f/8 a kan babbar sensa mai girman fim, tazarar kusan mita 3.3 ce, wato daga mita 1.7 zuwa can. A f/11 ta sauko kusan mita 2.4. Lens ɗin nan dai a kan APS-C, a f/8, tazarar ta koma kusan mita 5. Shi kuwa 12mm a f/8 a kan APS-C bai kai mita ɗaya ba, shi ya sa da wuya ka kuskure da shi. Amma 50mm a f/8 a kan babbar sensa sai wajen mita 10, kuma daga nan abin yana ƙara tsanani. Da 135mm ka manta da wannan lissafin, ka zaɓi abu ɗaya ka saita a kansa.

Daɗin tsohon lens shi ne an zana maka wannan a jikinsa. Dubi tsakanin zoben saiti da na ƙofar haske, za ka ga lambobi bibbiyu hagu da dama: 4, 8, 11, 16. Idan kana f/8, juya zobe har alamar ∞ ta zo kan 8 na gefe ɗaya, sai ka karanta mitar da ta faɗo kan 8 na ɗaya gefen, nan ne farkon inda hoto zai yi ras. Sai dai an zana layukan nan ne a zamanin fim da ƙananan hotunan takarda, sensar yau ta fi su tsananin ido. Saboda haka idan kana ɗauka a f/11, yi amfani da layin 8. Idan kana f/8, yi amfani da na 5.6. Kuma ka tuna ∞ ɗinka shi ne layin salatif ɗin nan.

Ni dai ra'ayina, idan babu wani abu kusa da kai ƙasa da mita huɗu ko biyar, ka bar lissafi ka saita a nesa kawai. Mutane sun fi lura da dusashewar gada ko bishiyoyin can ƙetare fiye da ta yashin da ke ƙasan hoto. Kada kuma ka ce bari in rufe zuwa f/22 in huta. Idan ƙofar ta yi ƙanƙanta ainun, haske yakan bazu a gefenta, hoton duka ya yi laushi, ga kuma duk ƙurar da ke kan sensa ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Tsakanin f/8 da f/11 nan ne gidanka.

Bayan ka ɗauka, buɗe hoton ka zuƙo wuri uku: kusa, tsakiya, nesa. Idan ɗaya bai yi ba, gyara nan take. Gano kuskure a kan kwamfuta a Idi-Araba, bayan ka baro Badagry, ba shi da magani.

Haske da girgiza

Idan da hannu kake riƙe da kyamara, kada saurin shota ya gaza ninkin tsawon lens: 1/60 ga 28mm, 1/250 ga 135mm. Da asuba ko bayan faɗuwar rana sai da ƙafa uku, wato sandar da ake kafa kyamara a kai. A kan jiƙaƙƙen yashi ka danna ƙafafun su nutse sosai kafin ka saita, domin igiyar ruwa ɗaya ta ratsa ƙarƙashinsu za su zauna, saitinka ya tafi. Sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada danna maɓalli ya motsa ta, ka kashe na'urar hana girgiza.

Auna haskenka da sama. Kunna jadawalin haske (histogram) a allo, ka tabbata bai manne da bangon dama ba, wato ɓangaren da haske ya yi yawa. Inuwar da ta yi duhu RAW zai iya ɗago ta, amma gajimaren da ya ƙone fari fat ya tafi ke nan. Tsofaffin lens ba su da rufin gilashi irin na yanzu, idan rana ta bugi gabansu hoto yakan yi fari-fari. Sa hular lens, ko ka kare da tafin hannu daga gefe kana kallon allo har baƙin hoton ya dawo.

Mai son ruwa ya kwanta lumui kamar hayaƙi sai ya sa baƙin filta mai rage haske mataki 10, wanda ke mayar da 1/125 ya zama kusan daƙiƙa 8. A nan lens na hannu ya yi wa na zamani fintinkau: ka saita kafin ka ɗaura filta, kuma saitin ba zai motsa ba don kyamara ta ga duhu. Ka dai riƙe zoben lokacin da kake murɗa filtar.

A hazon hunturu, launin taimako ba ya samun abin kamawa a nesa. Nemi abu mai kaifin gefe, turken gada ko sandar masunta da ke tsaye a ruwa, ka zuƙo ka saita a kansa. Ɗauko 135mm a irin wannan ranar: kwale-kwale baƙi a gaba, gada toka-toka a bayansa, gine-gine sun kusa ɓacewa, rana kuma jajir ana iya ganin da'irarta. Ko a hazo, kada ka ƙura wa rana ido ta tagar kyamara mai madubi.

Gadar sama ta gandun Lekki, mai tsawon mita 401, tana lilo da takun kowa, ƙafa uku ba ta da amfani a kanta. Saita lens tun kana ƙasa a mita 5 da f/8, ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 don shota ta kai 1/500, rataya igiyar kyamara a wuya, ka ɗauka daga kan dandamalin da ke tsakanin gadojin. Kada ka canza lens a sama, kuma ka rufe jakarka, birran wurin sun saba da baƙi.

Wasu wuraren suna karɓar kuɗi daban kan babbar kyamara, ka tambaya tun a ƙofa. Kada ka nuna lens wajen barikin soja, tashar jiragen ruwa ko ma'ajiyar mai. Idan masunta za su shiga hotonka, yi musu sallama ka nemi izini, ka nuna musu abin da ka ɗauka. Ku tafi ku biyu, kuma kada ka juya wa tekun nan baya kana duba allo, igiyarsa tana da ƙarfin ja.

Kare kayanka daga danshi

Idan ka fito daga mota mai sanyi, bar kyamara cikin jaka a rufe na wajen kwata ɗaya, in ba haka ba gilashi zai yi gumi ciki da waje. A bakin teku iska tana ɗauke da gishiri. Ka sa filta fari a gaban lens, kada kuma ka buɗe bakin kyamara a fili. Da ka koma gida, hure yashi da famfon roba tukuna kafin ka goga komai, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle za ta karce gilashi. Goge jikin kyamara da lens da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan famfo, ka wanke ƙafa uku sosai, ka bar su su sha iska.

Kada ka bar lens ya kwana cikin jakar fata ko a lungun wadrob, can fumfuna ta fi samun wuri. Sayi robar abinci mai murfin da ke kullewa gam, zuba ƙullin silika mai tsotse danshi a ciki, ka sa ɗan agogon auna danshi, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Silika mai canza launi ta fi, domin za ta nuna maka idan ta ƙoshi, sai ka busar da ita da zafi kaɗan ka mayar. Lens ɗin da ka ga ya fara fumfuna, ka ware shi daga sauran, ka kai wa mai gyara tun ba ta ci rufin gilashin ba.

Tunda kyamara ba ta rubuta sunan lens ko lambar ƙofar haske a jikin hoto, ka riƙa rubutawa a waya bayan kowane wuri: lens kaza, f kaza, an saita a mita kaza. Idan ka zauna gyara a Lightroom ko Darktable, wanda kyauta ne, sai ka jera hotunan da rubutun, ka ga a wace lamba gefunan hoton lens ɗinka suka fara fitowa ras, ka mayar da ita wurin farawarka a fita ta gaba.